Kafintan da Baba Ya Kora

Tun ranar da Baba ya zame a matakalar banɗaki ya fasa goshi, Auta ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Baba tsohon kafinta ne, wanda a zamaninsa mutane ke bin layi a ƙofar shagonsa. Idonsa ya yi ta raguwa a hankali, har ya zama ba ya ganin komai sai haske da duhu. Likitan da ya ɗinke masa goshin ya faɗa musu kai tsaye cewa gidan ne ke bukatar gyara. A kafa masa katakon dafawa a jikin bango tun daga ɗakinsa har banɗaki, a rage tsayin matakalar, a cire tayil mai santsi.

Yaya, babban wanta, ya ce shi aiki ya yi masa yawa. "Ke ce a gidan, Auta. Ki nemo masu aiki, sauran ki bar mini."

Haka ta shiga neman masu aiki, ita da ba ta san komai ba sai allo da 'yan aji. Da ta taso daga makarantar da take koyarwa sai ta shiga yawo.

Mai tayil na farko ya zo da fara'arsa, ya farfasa banɗakin, ya ce bari ya je ya ɗauko abin yanka. Har yau bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Kafintan da wata maƙwabciya ta kawo ya kafa katako a bango, Umma ta dafa don ta gwada, katakon ya biyo hannunta da ƙusoshinsa. Na ukun ya fi su daɗin baki. Ya auna ko'ina, ya sha shayi, ya yabi gidan, washegari ya aiko cewa surukarsa ta rasu.

"Allah ya jiƙanta," in ji mai walda na bakin layi da Auta ta ba shi labari. "Baiwar Allah, duk shekara sai ta rasu. Bara ma ana tsakiyar rufin gidana ta cika."

Auta ta yi dariya har da hawaye, amma da ta dawo gida ta ga Baba yana laluben bango da tafin hannu, yana jan ƙafa kamar mai tsoron rami, dariyar ta ɗauke mata.

Da yammacin wata rana ta nufi kantin kayan gini na abokin Yaya. Mai Kanti mutum ne mai natsuwa, ga tsafta, ga kunya. Ya daɗe yana neman aurenta, Yaya na mara masa baya, Umma kuma kullum sai ta yabe shi. Auta ba ta taɓa ce masa eh ba, ba ta kuma taɓa ce masa a'a ba.

Ya share mata kujera a tsakanin gwangwanayen fenti, ya saurare ta har ta gama.

"Malama Auta, kin yi ta bin masu daɗin baki ne," ya ce. "Mai aiki ba a bakinsa ake gane shi ba. Ki je ki ga aikin da ya yi shekarun baya, ko yana nan tsaye. Ki tambayi masu gidan, da abu ya lalace suka kira shi, ya dawo? Wanda ke dawowa shi ne mai aiki."

"To a ina zan samu irinsa?"

Mai Kanti ya juya wani makulli a hannunsa. Bai kalle ta ba da ya buɗe baki.

"Mutum ɗaya na sani. Zan iya ba shi makullin gidana in yi tafiya. Dogo."



Dogo yaron shagon Baba ne tun yana ƙarami, a hannun Baba ya koyi riƙe zarto. Tare suka tashi da Auta, tana kai abinci shago, yana sassaƙa mata 'yan tsuntsaye da guntun katako. Ba ta san ranar da wasa ya koma so ba. Ta dai wayi gari ta ga duk inda ta ji ƙamshin sabon katako sai ƙirjinta ya yi nauyi.

Lokacin da idon Baba ya fara tafiya, awonsa ya riƙa karkacewa. Dogo bai faɗa masa ba. Sai ya bari Baba ya tafi masallaci ko cin abinci, ya warware aikin ya sake haɗa shi daidai. Kowa a shagon ya sani, ban da Baba. Ranar da wani mai sayen kujeru ya fasa maganar a gaban jama'a, Baba bai ce uffan ba. Ya jira har Dogo ya turo kawunsa neman auren Auta a cikin watan, sannan ya ba da amsa.

"Yaron da ya mayar da ni abin tausayi a shagona, yana kallon idona yana cewa aiki ya yi kyau, ba zan ba shi 'yata ba. Kada ya ƙara taka mini gida."

An shekara biyu da wannan magana. Baba ya rufe shagon, Dogo ya buɗe nasa a can bayan tashar mota. Ko a hanya Auta ta hango shi, sai ta sauya layi.

"Ka san abin da ke tsakaninsa da Baba," ta ce da Mai Kanti a hankali.

"Na sani. Na kuma san abin da ke tsakaninsa da ke." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kin tambaye ni mai aiki ne, na faɗa miki gaskiya."

*

Shagon Dogo ƙarami ne, da taga guda a sama. Hasken la'asar na saukowa ta cikinta, garin katako na yawo a cikin hasken kamar ba ya son sauka ƙasa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa sallama.

Ya ba ta baya, yana goge ƙafar wani gado da sanfefa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya ɗan rame. Fensir na nan maƙale a bayan kunnensa kamar da.

Sai ta ga kanta a wani gida da ba a gina ba. Ɗaki mai tagogi manya, labule fari na kaɗawa, tana zaune a kan kujerar da ya yi mata da hannunsa tana duba littattafan 'yan ajinta, shi kuma yana shigowa da garin katako a gashinsa tana kakkaɓe masa. Ta sha ganin gidan nan a mafarki, har ta san inda rana ke faɗowa a tsakar ɗakin.

"Malama?"

Ta farka. Ya juyo, sanfefar ta faɗi daga hannunsa.

"Ina wuni," ta ce.

"Lafiya lau. Lafiya dai? Baba ne?"

Tambayar ce ta karya ta. Shekara biyu, amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa Baba ne. Ta zauna a kan wani benci ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Ya tsaya nesa da ita, hannayensa a baya, har ta samu ta ba shi labarin faɗuwar, da likita, da masu aikin da suka watsa mata gida.

"Ya ji ciwo sosai?"

"An ɗinke goshin. Amma tsoro ya shige shi. Baba da ke hawa rufin bene, yanzu daga gado zuwa ƙofa sai ya yi ta addu'a." Ta share ido. "Ga shawarata. Duk ranar da Umma za ta kai shi asibiti, sai ka zo ka yi aikin, kafin su dawo ka tafi. Zan ce wani ne daga kantin abokin Yaya."

Dogo ya girgiza kai.

"A'a, Malama."

"A'a?"

"Ɓoye-ɓoyen nan shi ya raba ni da shi. Shi ya raba ni da ke. Na ɗauka ina rufa masa asiri ne, ashe tona shi nake yi. Ba zan ƙara taɓa katako a bayan idonsa ba."

"To ka bar shi ya sake faɗuwa ke nan?" Ta miƙe tsaye, hawaye na zuba. "Don zuciyarka ta yi fari, shi ya karye?"

"Ban ce ba zan yi ba. Na ce ba zan yi a ɓoye ba. Zan zo in yi sallama kamar kowane mai neman aiki. In ya kore ni, in sake dawowa."

"Zai ci mutuncinka."

"Shi ya ba ni mutuncin. In ya karɓi abinsa, bai yi laifi ba."

Ta kalle shi ta cikin hawaye. Ta so ta ce masa ta gaji, ta gaji da sauya layi, ta gaji da mafarkin gidan da babu shi. Abin da ya fito daban ne.

"Ka yi aure?"

Ya sunkuya ya ɗauki sanfefarsa, yana kakkaɓe ta a gwiwa.

"Gadajen amare nake yi wa mutane kullum. Duk wanda na gama sai in ce, wannan bai kai na Malama ba." Ya ɗago. "Ke fa? An ce Mai Kanti."

"Shi ya turo ni wurinka."

Dogo ya ajiye sanfefar a kan gadon.

"Mutumin kirki ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da mugu ne da na fi samun sauƙi."

*

Umma ta saki tsintsiya da ta ji labarin.

"Kin haukace ne, Auta? Mutumin da ko sunansa ba a faɗa a gidan nan? Kina so hawan jinin mahaifinki ya tashi?"

"Umma, ke kika dafa katakon wancan ya biyo ki. Da Baba ne fa?"

Umma ta zauna a bakin gado tana matse ido da gefen zane. "Ni ban ƙi yaron nan ba. A hannuna ya ci abinci ya girma. Amma kin san halin mahaifinki, in ya rufe ƙofa ko shi kansa ba ya iya buɗewa. Ga Mai Kanti, mutum kamar ya kwanta ki taka. Shekarunki na tafiya, 'yar nan. Ƙawayenki duk da goyo. Har yaushe za ki zauna jiran abin da ba zai zo ba?"

"Ni ba maganar aure na kawo ba, Umma. Maganar gyaran gida ce."

"Ni na haife ki. Da kika faɗi sunansa yanzu fuskarki sai da ta canza."

Yaya kuwa ta waya ya zazzage mata. "Kin ba ni kunya! Abokina yana dawainiya da mu, ke kina bin shagon wanda Baba ya kora? Wallahi in na zo na same shi a gidan, da kaina zan fitar da shi. Masu aiki sun ƙare ne a duniya?"

"Ka kawo ɗaya, Yaya. Ɗaya tak wanda zai dawo gobe."

Ya kashe wayar.

Da hantsi washegari aka yi sallama. Baba na zaune a baranda a kan kujerarsa, fuskarsa na fuskantar rana. Auta na daga ƙofar kicin ta ga yadda yatsunsa suka ƙanƙame hannun kujerar. Ya gane muryar.

Dogo ya shigo da akwatin kayan aikinsa, ya ajiye, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Baba ya kawar da fuska.

"Na ji ana neman kafinta a gidan nan. Na zo neman aiki."

"Wa ya kira ka?"

Auta ta fito ta durƙusa a gefe. "Ni ce, Baba. Na so ya zo ya yi ba da saninka ba. Shi ya ƙi."

Baba ya juya kai wajen muryarta, ya sake juyawa wajen Dogo. Umma na tsaye a bayan labule ta toshe baki da hannu.

"Mai neman aiki sai an gwada shi," in ji Baba a bushe. "Tashi. Ba ni sanda mai tsawo."

Dogo ya zaro wani siririn katako ya sa masa a hannu. Baba ya miƙe da ƙyar, ya lalubi bangon da ya nufi banɗaki, ya kara katakon a jiki, ya danna shi da tafin hannu biyu.

"Nan za a kafa. Ya miƙe?"

Auta ta kalli katakon. Gefe ɗaya ya yi sama, ɗayan ya sunkuya, ko yaron aji ɗaya zai gani. Ta kalli Dogo tana roƙonsa da ido. Ka ce eh. Don Allah ka ce eh, daga baya a san yadda za a yi.

Dogo ya dubi katakon.

"Bai miƙe ba, Baba. Hannunka na dama ya yi ƙasa sosai."

Umma ta ce, "Innalillahi," a bayan labule.

Baba bai motsa ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Auta ta runtse ido tana jiran tsawa.

"Da yawa?"

"Da yawa, Baba."

"To me kake jira? Kama hannun ka ɗaga."

Dogo ya matso, ya ɗora hannunsa a kan na tsohon, ya ɗaga shi a hankali har katakon ya daidaita. Suka tsaya haka, kafaɗa da kafaɗa. 

"Abin da na so ka yi ke nan tun farko," in ji Baba da dasasshiyar murya. "Ka ce, Baba, idonka ya tafi, kawo hannunka. Da na zage ka, da na yi fushi na kwana biyu, shi ke nan. Amma ka bar ni ina yawo a shago ina fankama, yara na dariya a bayana."

"Babu wanda ya yi dariya, Baba. Wallahi babu." Hawaye na bin kumatun Dogo, bai saki hannun ba. "Tsoro na ji. Na kasa kallonka in faɗa. Ka yafe mini."

Baba ya ja dogon numfashi. "Ke, Auta."

"Na'am, Baba."

"Fita ki ba mu wuri. Maganar aiki za mu yi."

Ta fita zaure ta jingina da bango. Ba ta jin abin da suke cewa, sai amon muryoyinsu, ɗaya tsohuwa ɗaya sabuwa, kamar yadda take ji daga bakin shago tana yarinya da kwano a kai. Ta lumshe ido. Gidan mafarkinta ya dawo, sai dai wannan karon akwai baranda, akwai tsoho a kan kujera yana gyara wa wani awo da baki.

Ƙarar mota ce ta buɗe mata ido. Motar kanti ce cike da katako da buhunan siminti. Mai Kanti ya sauko shi kaɗai.

"Yayanki na tafe a bayana, ransa a ɓace," ya ce. "Na riga shi ne don in ji daga bakinki. Ya zo?"

"Yana ciki."

"Baba ya kore shi?"

"A'a." Ta sunkuyar da kai, sannan ta tilasta wa kanta ta ɗago. "Na daɗe ina ja maka rai, ban kyauta ba. Ba ka da aibu ko ɗaya. Amma zuciyata ba ta taɓa barin inda take ba."

Ya kalli katakon da ke motar na wani lokaci. Idonsa ya kaɗa.

"Na so a ce kin je kin gan shi kin dawo kin ce mini ya wuce," ya ce. "Shi ya sa na tura ki. Na gode da ba ki ɓoye mini ba." Ya juya ya fara kwance igiya. "Katakon na Baba ne, ba naki ba. Kada ki ce in koma da shi."

"Auta!" Muryar Baba ce daga ciki.

Ta koma da gudu. Baba ya koma kujerarsa, Dogo na tsugune a gabansa yana share fuska da hannun riga.

"Na ɗauke shi aiki," in ji Baba. "Aiki na ce. Ku ji da kyau, ku biyun. Muddin yana aiki a gidana, ba zance, ba tsayuwa a zaure, ba aiken ido. Waccan maganar ba zan saurare ta ba sai ranar da na shafa aikinsa na ƙarshe na ce ya yi. In kuma bai yi ba, ya ɗauki akwatinsa, ke kuma ki cire shi a ranki. Kun yarda?"

"Na yarda, Baba," in ji Dogo. "Aikin ba zai wuce mako biyu ba."

"Wa ya faɗa maka? Akwai ƙofar kicin. Akwai silin ɗakin uwarku da ke yoyo. Tagogin nan duk sun lalace, ga rufin baya. Kuma ni zan yi awon kowanne da hannuna."

Umma ta fashe da dariya cikin kuka. Auta ta kalli Dogo, ya kalle ta, suka tuna sharaɗin a tare, kowa ya yi saurin kawar da kai.

A daidai lokacin aka banko ƙofar gida da ƙarfi har ta daki bango.

"Ina yake?" Yaya ne, yana huci. "Ina kafintan?"

Baba bai ko juya ba. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Dogo.

"Ga shi nan a hannuna," ya ce. "Zo ka cire shi."